Leza ko tawada? Kafin ka sayi injin buga esfaya a Katsina, duba robar da zaka buga a kai

Ranar Laraba bayan la'asar wani Alhaji da nake duba ma injinan fiya wata ya kira ni wai in zo yanzu-yanzu, na ɗauka wani abu ne ya ƙone, na bar shayina na hau mashin tun daga Ƙofar Ƙaura har hanyar Dutsinma, ina zuwa na tarar da shi zaune kan benci riƙe da waya sai murmushi yake. Ashe bidiyo ne yaronsa ya turo masa, goruna na gudu a kan bel, wani ɗan hayaƙi na tashi, sai kawai kaga kwanan wata ya fito a kafaɗar gora, ba tawada ba komai, injin leza ne. Ya ce "Injiniya irin wannan nake so, na gaji da sayen ribon da tawada, ka samo min shi mu sa ma fiya wata da ruwan gorar da za mu fara duka." Na ce "Alhaji ranka ya daɗe, bari in sha ruwa tukuna, maganar nan tana da tsawo."

Tun daga ranar kusan mutum huɗu sun min irin wannan tambaya, har da wata Hajiya mai yogot da kunun aya daga Daura, shi yasa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Matsalar dai kowa ya san ta. Ledar da ake bugo maka a Kano tana zuwa da sunan kamfani da adireshi da lambar NAFDAC, waɗannan ba sa canzawa. Amma akwai abu uku da ke canzawa kullum, ranar da aka yi kaya, ranar esfaya, da lambar bac wato lambar da ke nuna rukunin kayan da aka yi tare, waɗannan dole a cikin masana'antarka za a buga su, kuma in jami'an NAFDAC suka shigo ko suka ɗauki kayanka a kasuwa su suke fara dubawa. To da me zaka buga? Abu huɗu ne a gabanka a garin nan. Akwai mai zafi da ribon, wato siririn tef mai tawada a jiki, wanda yake zuwa jikin injin fiya wata, akwai na hannu mai katirij wato ɗan akwatin tawada, akwai babban mai feshin tawada da ake kira CIJ, sannan ga leza da ake ta yayi.

Abin da masu talla ba sa tsayawa su yi bayani shi ne leza ba ta ɗora komai a jikin kaya. Tawada zuba launi take a kan roba, ita kuwa leza haske ne mai ƙarfi da wasu ƙananan madubai guda biyu suke jujjuyawa da sauri kamar ana rubutu da biro, inda hasken ya taɓa sai wurin ya ƙone ko ya narke ko ya canza launi, kamar yadda ake sa ma dabba shaida da ƙarfe mai zafi. Kaga kenan ba kai ke da ikon cewa rubutu zai fito ba, robar ce ke da iko. In robar ta sha hasken rubutu ya fito, in ba ta sha ba haske ya wuce ta ciki kamar rana ta gilashin taga, ka tsaya kana kallon gora fes ba ko ɗigo. Don haka kafin ka tambayi kuɗin inji, kifa gorarka ka duba gindinta, akwai ɗan alwatika mai lamba a ciki. Lamba 1 ita ce PET, gorar ruwa da lemo mai garai-garai. Lamba 2 HDPE, farar roba mai duhu irin ta yogot da jarka. Lamba 3 PVC, wannan riƙe ta a ranka zan dawo kanta. Lamba 4 dangin ledar fiya wata ce, lamba 5 kuma PP irin ta wasu murafu da kofunan yogot. Wannan 'yar lambar ta fi duk wani bidiyon TikTok amfani wajen zaɓi.

Kuma leza ba iri ɗaya ba ce, uku ce ake sayarwa don wannan aiki, kowacce da abincinta.

Ta farko CO2, ita ce wadda Alhaji ya gani a bidiyo. Tsohuwar fasaha ce, tun 1964 wani ɗan Indiya Kumar Patel ya ƙirƙiro ta a Amurka. Tana son gorar PET da kwalba da kwali mai fenti da takarda da katako. A kan kwalin sabulu ko na magani abin sha'awa ne, tana ɗauke fentin sama farin ƙasa ya bayyana, rubutu ya fito tas. A kan gorar ruwa kuwa rubutun ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar an karce da allura, sai ka ɗan juya gorar wajen haske kafin ka karanta da kyau, duba gorar manyan kamfanonin lemo da ruwa zaka ga wasu haka suke. Ana samun mai wat 10, 30, 60, kuma galibin layukan gora irin namu mai 30 ya ishe su. Akwai wani ƙaramin sirri a nan, yawancin CO2 tsawon zangon haskensu 10.6 ne a ma'aunin maikiron, amma akwai mai 9.3 wadda PET ta fi sha, rubutunta ya fi fari kuma ba ta cika zurfafawa ba. Wannan yana da muhimmanci don masu busa gora yanzu sai ƙara rage nauyi suke saboda tsadar kaya, gora ta zama kamar takarda, in ka ƙure wutar leza a kan irin wannan gorar zata iya yi mata ƙofa ƙarama wadda ido ba ya gani, sai an jera a sito kaga ƙasan fakiti ya jiƙe.

Ta biyu faiba, mai zango 1064 a ma'aunin nanomita, ita kuma ƙarfe ne abincinta. Gwangwanin madara, na tumatir, na lemo, murfin ƙarfe, farantin inji, da wasu robobi masu launi. Ita ce masu rubuta suna a jikin zobe da kofin silba da makulli suke amfani da ita, kuma ta fi sauran juriya, masu ƙera ta suna rubuta awa 100,000 a takarda. To a nan aka yi ma wani bawan Allah sakiyar da ba ruwa, ba zan faɗi kamfanin ba. Ya ga araha a intanet, ya tura kuɗi Chaina, aka haɗo masa da kayan wani ɗan kasuwa, bayan wata biyu da wani abu inji ya iso, aka kira ni in haɗa. Ina buɗe akwatin na ga faiba ce, kuma ta tebur ce ma wadda sai an ajiye abu ya tsaya cak take rubutu, ba mai bin kaya a guje a kan bel ba. Muka sa gora muka danna, ba komai. Muka ƙara wuta, ba komai a gora, amma da muka ɗaga sai ga kwanan wata raɗau a jikin farantin ƙarfen da ke ƙasa, hasken ya ratsa gorar ya je ya rubuta a inda yake so. Mutumin nan ya daɗe yana kallon farantin bai ce uffan ba. Yanzu injin yana wajen ƙaninsa yana rubuta sunan amare a jikin fulas.

Ta uku UV, mai zango 355 a ma'aunin nanomita. Ita ba ƙonawa take sosai ba, launin robar take canzawa, shi yasa a kan farar robar yogot take fitar da rubutu mai duhu kamar an buga da tawada kuma ba ta huda roba. Ga Hajiya mai yogot a farar gora, in dai leza ce to wannan ce tata, don CO2 a kan HDPE rubutun da ƙyar ake ganinsa. Sai dai ita ce mafi tsada a cikin ukun, ta fi su laulayi, da yawansu sai da injin sanyaya ruwa a gefe, kuma ba ta kai faiba tsawon rai ba. Na ce ma Hajiya gora nawa kike yi a rana, ta faɗa min, na ce Hajiya ki bar maganar nan tukuna, kamar sayen tirela ne don kai yara makaranta.

Yanzu ga maganar fiya wata wadda ita ce ta fi shafar mutanenmu. Ledar nan kaurinta bai wuce na silin gashi da kaɗan ba, kuma ita ce kaɗai tsakanin ruwa da duniya. CO2 ko dai ta wuce ba ta rubuta ba, ko in ka ƙara mata wuta ta narkar da wurin, kuma ko ba ta huda nan take ba ta bar wurin da rauni, ka tuna yadda yara ke jefa jaka mai guda 20 a bayan kurkura ko a-kori-kura, ɗaya kan ɗaya har sama, raunin nan shi zai fara fashewa. Akwai dabarar da manyan kamfanoni ke yi, a buga wani ɗan fili mai launi a jikin ledar tun daga wajen masu bugawa sai leza ta ɗauke fentin kawai, ko a yi amfani da UV, amma wannan ana yi ne a kan leda mai hawa biyu ko uku irin ta biskit da madarar gari da omo, kuma kuɗinsa ba na mai injin fiya wata irin Dingli ko Koyo guda biyu ba ne. Sannan kar ka manta kowane injin fiya wata kansa yake ci, in kana da inji huɗu to kan leza huɗu kake buƙata, ba guda ɗaya ba. A nan Alhaji ya gyara hula.

Shi wannan mai ribon ɗin da ake rainawa, haruffan ƙarfe ne kake jerawa da hannu, hita ta gasa su, su danna ribon a kan leda. Aibinsa a fili yake, kullum da safe sai yaro ya kwance ya canza lamba da filaya yana ƙona yatsa, wata rana ya manta a yi ta buga kwanan jiya har azahar, wata rana ya juya 6 ta koma 9, lamba ɗaya ta faɗi ƙasa a yi ta nema da tocila, in zafi ya yi yawa ya huda leda in ya yi kaɗan rubutu ya ƙi kamawa. Amma fa duk abin da ya lalace a jikinsa ana samu a Kano, wasu ma a nan cikin gari, kuma duk mai gyaran da ya san hita da tamostat zai tashe shi cikin awa ɗaya. Inji ɗaya yana fitar da kusan leda 2,000 a awa, in ya yi awa 8 kaga 16,000 kenan, jaka 800, kuma mai ribon yana bin wannan gudun ba tare da haki ba. Ga fiya wata ni dai ban ga dalilin barinsa ba. Wanda yake son ci gaba akwai mai ribon na zamani da ake kira TTO, shi ba haruffan ƙarfe, kwamfuta ce ke canza kwanan wata da kanta har da awa da minti, sai dai ribon ɗinsa ya fi tsada kuma kan bugawarsa yana cinyewa.

Gasar gaske a layin gora take, tsakanin CO2 da CIJ. Shi CIJ, irin su Videojet, Domino, Linx, Hitachi da 'yan Chaina masu kwaikwayonsu, shi ne mai rubutun ɗigo-ɗigo baƙi da kake gani a gindin gwangwani da wuyan gora. Yadda yake aiki shi ne yake jawo kashe kuɗinsa. Famfo yana tura tawada ta wata ƙofa mai kaurin gashi ba tsayawa, tana tsinkewa zuwa ɗigo dubbai a daƙiƙa, waɗanda ake so su yi rubutu sai a ba su caji su karkata su faɗa kan gora, sauran su koma tanki su sake zagayowa. To tawadar nan an dama ta ne da sinadari mai saurin bushewa, galibi wanda ake kira MEK, kuma tunda kullum tana yawo a iska sinadarin yana ta tashi, sai inji ya riƙa ƙara wani daga kwalba ta biyu, shi ne masu aiki ke ce ma mekof. Ma'ana ko ba gora ko ɗaya a kan bel, in dai inji a kunne yake kuɗinka na bin iska. Ka haɗa wannan da zafin Katsina na watan Maris zuwa Mayu lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ballantana a ƙarƙashin rufin kwano, zaka ga mekof na ƙarewa kamar ana sha. Mutane suna lissafin tawada, alhali mekof ne ke cinye su. Ga shi da dala ake shigo da shi, bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsa ya yi ta tashi, ga wasu kamfanonin sun sa cif a jikin kwalbar yadda inji ba zai karɓi na kowa ba sai nasu, ita kanta tawadar tana da esfaya, in ka sayi da yawa don gudun tashin farashi ta lalace maka a sito.

Kuma CIJ ba ya son a ɗauke wuta bagatatan. Yana da tsarin kashewa da yake wanke bakinsa da kansa, in Nepa ta ɗauke yana cikin aiki tawada ta tsaya a ƙofar nan ta bushe, gobe da safe sai an zauna da kwalbar wanki ana fesawa hannu duk ya yi baƙi kamar mai lalle. In aka rufe shi sati biyu lokacin sallah ba a yi masa wankin ajiya ba, to a shirya kiran injiniya.

Duk da haka kar in yi masa rashin adalci. CIJ ba ya zaɓen abinci. Gora, leda, gwangwani, kwalba, murfi, jarka, bututu, buhu, duk yana rubutawa, baƙi ƙirin kowa na gani daga nesa, akwai farar tawada da rawaya don kaya masu duhu. In yau kana ruwa gobe ka ƙara zoɓo a farar roba jibi man gyaɗa a jarka, inji ɗaya zaka riƙa turawa daga layi zuwa layi. Kuɗin sayensa bai kai na leza mai kyau ba, kuma masu gyaransa sun fi yawa nesa ba kusa ba, don kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun daɗe da shi, ka kira mutum da safe ya hau mota daga Kano kafin azahar yana wajenka.

Ita leza a layin gora, in ta zauna daidai, gaskiya hutu ce. Ba tawada, ba mekof, ba warin sinadari, ba wankin safe, ka kunna ta hau aiki, ka rufe wata guda ka dawo ta tashi kamar jiya aka kashe. Kuma rubutunta ba ya gogewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kai kaya Jibiya ko Mai'aduwa ko wanda kayansa ke tsallakawa Maraɗi da Damagaram, gora ta sha rana a bayan mota, ta goga da 'yar'uwarta, ta kwana cikin ƙanƙara a kula, wata tawadar kafin ta isa hannun mai sha ta zama inuwa. Sannan ga ɓata-gari. Galibin tawada auduga da tina ko ruwan goge farce sun ishe ta, a goge a buga sabon kwanan wata da na hannu, irin abin da NAFDAC ta bankaɗo a kasuwar Cemetery ta Aba a watan Disambar 2023, jabun kayan sha da kayan da suka yi esfaya aka sabunta musu kwanan wata. Rubutun leza a cikin naman robar yake, wanda zai goge shi sai ya kankare gorar kuma tabon zai nuna. Ga mai fiya wata wannan ba damuwarsa ba ce, wa zai zauna sabunta kwanan ruwan da ake shanyewa cikin kwana uku, amma mai man shafawa, maganin ƙwari, man girki, ko duk wanda sunansa ya fara tsada har ana kwaikwayonsa, wannan kaɗai ya isa dalili.

Amma "ba ta cin komai" ɗin da ake faɗa akwai gyara. Na farko hayaƙi. Abin da leza ta ƙona ba ɓacewa yake ba, hayaƙi ne da ƙurar roba, dole a sa injin zuƙe hayaƙi mai filta a gefenta kuma filtar nan ana canzawa, in mai sayarwa bai sa shi a lissafi ba to lissafin bai cika ba. A nan zan dawo kan lamba 3. Da yawan lebul ɗin da ake sa ma gora a busa masa zafi ya kama jiki PVC ne, kuma in leza ta ƙona PVC iskar da ke fita mai guba ce, tana cin huhu tana sa ƙarfen inji tsatsa. Don haka rubutu a kafaɗar gora ko kusa da wuya za a yi inda ba lebul, ba a kan lebul ba. Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda hunturu ke yi mana, ka share tebur ka juya ka rubuta sunanka a kai, to gilashin da haske ke fita ta cikinsa in ƙura ta kwanta masa rubutu zai fara dishi-dishi, yaro sai ya ƙara wuta maimakon ya goge, ƙurar ta ƙone a jikin gilashin, shi kenan an yi asara. Kuma ba da gefen riga ake gogewa ba, akwai takardarsa da ruwansa. Na uku jiƙa, gorar da ta fito daga wajen cikawa da ɗigon ruwa a kafaɗa, ruwan yana shanye hasken CO2 sai kaga lamba ɗaya ta ɓace, dole a sa iska mai busarwa kafin wurin. Shi ma CIJ yana da wannan matsalar, ba a nan suka bambanta ba.

Na huɗu kuma babba, wuta. Wat 30 ɗin nan ƙarfin hasken ne kawai, abin da take ja daga soket ya ninka haka sau da yawa, ga injin hayaƙi. Ba yawan cin ne abin tsoro ba, ko a Band A, rukunin masu samun wuta sosai, da aka kai naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 ba ita zata cika maka bil ba in ka kwatanta da injin busa gora da kwamfuresa. Abin tsoron shi ne rawar wuta, KEDCO ta kawo ƙasa-ƙasa, ta ɗauke, a tada janareta ya yi sama ya dawo, allon lantarkin da ke cikin leza ba ya yafe wannan. Sai da sitabilaiza mai kyau da UPS na gaske, wato mai riƙe wuta da batir in an ɗauke, da waya ta ƙasa da aka binne yadda ya kamata, ba ƙusa a jikin bango ba. Zafi ma haka, yawancinsu takardarsu ta ce kar wuri ya wuce digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu cikin masana'anta mun wuce nan tun hantsi, in ba iska mai kyau ko ɗan ɗaki mai esi zata riƙa kashe kanta da rana tsaka kuma bututun da ke samar da hasken ya tsufa da wuri.

Ido kuma ba wasa. Hasken CO2 da na faiba da na UV duk ido ba ya ganinsu, jan ɗigon da kake gani na saiti ne kawai, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa. Na faiba ya fi mugunta don har can cikin ido yake shiga kuma yana iya dawowa daga jikin ƙarfe mai sheƙi. Dole a yi mata akwati a kewaye wurin da take rubutu, mai makunnin da zai kashe ta in an buɗe. Na san halin yaranmu, rana ta biyu wani zai sa murfin wayarsa a ƙasa ya rubuta sunan budurwa.

Sai ranar da ta lalace, kuma wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya yi ma mai sayarwa kafin a yi maganar ragi. CIJ yana yawan ciwo amma ƙananan ciwo ne, toshewa, filta, famfo. Leza tana daɗewa lafiya lau, amma ranar da bututu ko madubin nan ko allo ya tafi, ba abin da ni ko wani a Katsina zai buɗe ya ɗinke, sai dai a canza, in akwai a Legas ka yi sa'a, in babu sai an jira daga waje, layinka kuwa a tsaye don ba zaka fitar da kaya ba esfaya ba. Ka tambaye shi wane ne ya ƙera bututun, na ƙarfe ne ko na gilashi, don na gilashi mai sanyaya da ruwa irin na masu yankan allon talla ne, yana da araha amma ba a yi shi don layin da ke gudu dare da rana ba. Ka tambaya tana rubutu a guje, akwai na'urar da ke auna gudun bel da idon da ke ganin gora ta iso? Garanti wata nawa, kuma a rubuce? In ta tsaya yau wa zai zo, daga ina, kwana nawa? In ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Ga ƙananan masu sana'a kuwa, mai yaji, garin kunu, dambun nama, sabulun wanka, zoɓo, turaren wuta, duk wannan dogon zancen ba naku ba ne. Na hannu mai katirij ya ishe ku, kamar ƙaramar bindigar fenti yake da allo a bayansa, yana aiki da batir, rubutunsa ya kai tsayin milimita 12.7, katirij ɗin mililita 42, yana buga kwanan wata da lamba har da QR. Ku dai tabbatar katirij mai bushewa a kan roba aka ba ku, don akwai na kwali wanda in ka buga a leda ka shafa da yatsa zai bi yatsan. In an gama a cire katirij a rufe bakinsa da murfinsa, in aka bar shi a buɗe ya bushe kuɗi sun tafi. Ba ya son wuri mai lanƙwasa sosai don sai ya kusa taɓa kaya yake rubutu, a gora gara a buga a murfi ko a lebul kafin a manna. Ni ko mai leza ina ce masa ya ajiye irin wannan guda ɗaya a durowa saboda ranar tsautsayi.

Lissafin kuɗin ba wuya, kowa ya yi da nasa alƙaluman don farashi yau daban gobe daban. Ɗauko rasit ɗin tawada da mekof da filta da kuɗin mai gyara na shekara guda, wannan shi ne abin da CIJ ke ci. A ɗaya gefen ka rubuta bambancin kuɗin sayen leza da na CIJ, ka ƙara injin hayaƙi, UPS, akwatin kariya, esi in ana buƙata, da filtar shekara. Raba ka gani shekara nawa kafin bambancin ya dawo. Mai layin da ke gudu shifti biyu kullum da kaya iri ɗaya a gorar PET, zai ga abin ya dawo da wuri, shi leza ta dace da shi. Mai yin awa huɗu a rana, kasuwa ta buɗe da zafi ta kwanta da sanyi da damina, kaya yau wannan gobe wancan, zai ga shekarun sun yi yawa har garanti ya ƙare bai fanshe ba.

Da na gama duk wannan Alhaji ya yi shiru, ya ce "To Injiniya yanzu me ka yanke?" Na ce fiya wata a bar ta da ribon ɗinta, a dai sayi haruffa saiti biyu a ajiye kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa duba ledar farko kowace safiya ya sa hannu a littafi. Layin gora kuma tunda sabo ne ba mu san kasuwarsa ba tukuna, kuma wutar unguwar sai a hankali, ni CIJ zan fara da shi, in Allah ya sa albarka aka kai shifti biyu sai a kawo CO2 mai 9.3 shi kuma CIJ ya koma kan katan ko ya zauna a matsayin safaya. Bai ji daɗi ba, na ga alama ransa na kan hasken nan. Ya ce shi dai a gwada. Na ce to ba a sayen kifi a ruwa, a ba ni gora 20 cikakku daga irin wadda za a yi amfani da ita, ba wadda mai sayarwa zai zaɓo ba, da murafu da guntun leda, a aika ma masu sayarwa biyu su buga a gudun da layinmu zai yi, su ɗauki bidiyo, su dawo mana da kayan. In sun dawo biyar za su kwana uku a kan rufin kwano, biyar cikin ƙanƙara, biyar mu matse su da hannu mu ga ko za su yi hawaye, sauran a ba Baba mai gadi ya karanta kwanan watan da yamma ba tabarau.

Jiya da safe na kai kwalin tasha na ba direban Kano, na rubuta lambar waya a jiki da alƙalamin maka. Alhaji ya kira ni sau biyu tun daga lokacin yana tambaya ko sun isa.